Layin Dogo a Kan Katako

Daga cikin matsalolin da malamin firamare yake karo da su a aji, da wuya a sami wadda ta kai koyar da yaro abin da bai taɓa sa wa ido ba. Malami yana iya rubuta kalma a allo, yara su maimaita ta sau goma da murya ɗaya, su kwafe ta a littafi, har su ci jarrabawa da ita, alhali kuwa babu wata sura da ta zauna a zukatansu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, amma idan abin da ake son a gani ɗin yana can nesa, kuma babu kuɗin motar da za a kwashi yara sittin a kai su, yaya malami zai yi?

Jirgin ƙasa yana cikin irin waɗannan abubuwa ga yaran kudancin Jihar Jigawa. Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne masu maƙwabtaka a masarautar Dutse, ƙasa ce ta duwatsu da fadamu da gonakin dawa. Manyan motocin da suke tasowa daga Kano ta Wudil zuwa Bauchi suna ratsa Birnin Kudu dare da rana, saboda haka babu yaron da bai san tirela ba. Amma layin dogo bai taɓa biyowa ta nan ba. Jirgi ya iso Kano a shekarar 1911. Reshen da aka ja daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya bi ta arewa ne, ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Wanda ya isa Bauchi a 1961, ya kuma kai Maiduguri a 1964, shi kuma ya bi ta kudu. Ke nan yankin ya zauna a tsakanin layuka biyu, babu wanda ya taɓa shi.

A wata makarantar firamare da ke gefen Birnin Kudu akwai wani malami, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Gwaram, wanda wannan al'amari ya dama. Shi kansa bai ga jirgin ƙasa ba sai da ya haura shekara ashirin, lokacin da karatu ya kai shi Kano. Kowace shekara idan darasin hanyoyin sufuri ya zo, yakan ji tambayoyin da suke nuna masa cewa bayaninsa bai shiga ba. Wani yaro ya ɗauka jirgin ƙasa shi ne jirgin sama a lokacin da yake gudu a ƙasa kafin ya tashi. Wata yarinya ta ce, “Malam, idan ba shi da sitiyari, wa yake hana shi shiga gonar mutane?” Ya nuna musu hotuna masu motsi a wayarsa, suka yi dafifi suna kallo, amma da aka kashe wayar tambayar yarinyar tana nan ba a amsa ba. Hoto yana nuna jirgi yana tafiya, ba ya bari yaro ya sa yatsa ya ji abin da yake riƙe da ƙafar jirgin a kan ƙarfe.

Tun yana yaro malamin ya yi suna a ƙauyensu wajen haɗa motar kara da ta langa-langa. Sai ya ƙudurta cewa zai koma wa wannan fasaha ta ƙuruciya, ya gina ƙaramin layin dogo da tasharsa da jirginsa a kan katako, domin yara su gani su taɓa.

Batun Ma'auni

Abu na farko da ya tsaya masa shi ne ma'auni. Yaron da yake haɗa motar kara ba ruwansa da awo, yana iya yin taya ta fi direba tsawo, babu mai tuhumarsa. Abin koyarwa kuwa dole ya faɗi gaskiya. A ƙasashen Turai wannan sha'awa ta gina ƙananan jiragen ƙasa ta daɗe, kuma tana da ƙa'idojinta. Kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ƙayyadaddun ma'aunan layi tun 1891, Frank Hornby na Ingila kuma ya fara sayar da nasa jiragen a 1920. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne ɗaya bisa 87, wato a rage girman kowane abu sau 87. Da shi aka gina katafaren wurin nuni na Miniatur Wunderland da aka buɗe a birnin Hamburg a 2001. Mutanen Ingila su kuma sun fi amfani da ɗaya bisa 76.

Malamin bai ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya zaɓi ɗaya bisa 50, domin lissafinsa ba ya wahalar da ɗan aji biyar: kowace mita ɗaya ta zama santimita 2. Mutum mai tsawon santimita 170 ya koma santimita 3.4. Ɗakin ƙasa mai tsayin mita 3 ya koma santimita 6. Tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu na tsohon layin dogon Nijeriya ƙafa 3 da inci 6 ce, wato milimita 1,067, saboda haka a kan katako ta zama milimita 21 da 'yan kai. Ya haɗa fallen katako biyu, kowanne mita 2.4 a tsawo da 1.2 a faɗi, ya sami fili mai wakiltar mita 240 a tsaye da 60 a kwance.

Da yara suka nemi a gina layin tun daga Kano har Nguru, sai ya ba su alli su lissafa da kansu. Nisan kusan kilomita 230 ne. Da suka raba da 50 suka ga ana bukatar katako mai tsawon kilomita 4.6, aji ya kaure da dariya. Daga nan suka fahimci cewa mai yin samfuri tilas ya zaɓi abin da zai nuna ya bar saura, kamar yadda mai zana taswira yake yi. Aka tsaya a kan ƙaramar tasha guda, irin ta ƙauye a layin Nguru, a zamanin da ake lodin gyaɗa.

A Rumfar Maƙeri

Shimfiɗa layin bai ba shi wahala sosai ba. Ya yanka ɓawon kara ya jera a matsayin katakan da ake ɗora ƙarafa a kai, ya miƙar da waya ya yi ƙarafan. Ya fiƙe wani ɗan itace mai tsaga biyu da yake bi da shi kan layin, domin tazarar ta zama daidai tun daga farko har ƙarshe. Taragu kuwa ya yi su da gwangwanayen madara. A nan ne aikin ya cije, domin lanƙwasa baki da matsewa da ya saba yi yana yaro ba ya fitar da kusurwa mai tsabta. Sai da liƙi da dalma, shi kuwa bai iya ba.

A kasuwar Sara, a ƙasar Gwaram, akwai wani dattijo da yake yin mazurari da aci-balbal da liƙin butoci. Malamin ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Dattijon ya dube shi ya ce, “Malam, kai da kake koya wa mutane, yau kai ne za ka zauna a ƙasa?” Ya ce, “Baba, ai kowa da malaminsa.” Tun daga ranar, duk lokacin hutu yakan je ya zauna a gefen murhu yana kallo, daga baya aka fara miƙa masa ƙarfen liƙi.

Abin da ya koya a rumfar nan ya fi abin da ya je nema. Dalmar liƙi haɗi ce ta kuza da dalma, kuma tana narkewa da zafin da ya ɗan haura digiri 180 a ma'aunin Salshiyas. Ba ta kama ƙarfe mai datti ko maiƙo, saboda haka sai an kankare wurin ya yi fes. Sa'an nan a shafa sinadari, wanda yake cinye tsatsar da ido ba ya gani, ya buɗe wa dalma hanya ta malala. Malamin Hausa zai so ya lura da wannan kalma. A yau ana cewa sinadarin abinci, ana cewa sinadaran kimiyya, amma tun kafin haka kalmar tana bakin maƙera da ma'anar abin da ake sawa domin liƙi ya kama. Dattijon yakan ce masa, “Ƙarfen za ka gasa, Malam, ba dalmar ba. In ƙarfe ya yi zafi shi zai kira ta.” Ya kuma gane dalilin da ya sa gwangwanin madara yake karɓar liƙi cikin sauƙi, domin an riga an shafe shi da kuza tun daga masana'anta, alhali gwangwanin lemo na alminiyon ba ya karɓar wannan dalma ko kaɗan.

Kan jirgin ne ya fi cin lokaci. Ya so ya yi shi da tagulla, irin mai aiki da kwal da tururi. Masu wannan sha'awa a Turai sukan sayi fallen tagulla da aka riga aka zana sassan jirgi a jikinsa, su ɓalle su lanƙwasa su liƙa. Shi kuwa sai da ya sayi tsohon lagireto a wurin masu gwangwan, ya farke, ya daddale, ya zana sassan da ƙusa, ya yanka da almakashin maƙera. Tagulla tana da hali guda mai ban haushi: tana jan zafi da sauri zuwa ko'ina a jikinta, ta yadda mutum yana liƙa bututun hayaƙi sai ya ga rufin ɗakin direba ya saki. Turawa sukan magance wannan da dalma iri-iri, su fara da mai narkewa a digiri 188 su ƙarasa da ta 145. Dattijon yana da tasa dabarar: a fara da manyan sassa, a ƙare da ƙanana, kuma a naɗe wurin da aka gama da jiƙaƙƙen tsumma. Bayan an gama a wanke aikin sarai, in ba haka ba ragowar sinadari zai sa tagullar ta yi kore ta ci kanta.

Ƙafafun jirgin ya yi su ne da faifan ƙarfe biyu-biyu, babba da ƙarami, ya liƙa su fuska da fuska. Ƙaramin yana hawa kan layi, babban kuma ya zama leɓe ta ciki. Ranar da ya kawo tarago na farko aji, ya kira yarinyar nan mai tambayar sitiyari, ya ce ta tura shi gefe da yatsa. Ta tura, leɓen ya tokare da ƙarfe, tarago ya ƙi sauka. Ta juyo ta ce wa 'yan ajin, “Ashe hanyar ce take tuƙa shi.”

Akwai abu guda da bai yi sassauci a kansa ba. Dalma guba ce, musamman ga yara, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara sakamakon gubar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Saboda haka bai taɓa yin liƙi a aji ko a tsakar gidansa ba. Yakan wanke hannu da sabulu bayan aiki, kuma duk abin da ya liƙa sai ya rufe shi da fenti kafin hannun yaro ya kai gare shi.

Shimfiɗa Ƙasa da Itatuwa

Idan liƙi aikin malami ne shi kaɗai, ƙawata filin aikin kowa ne. Yara suka tankaɗe tsakuwa da rariya aka zuba a tsakanin ƙarafa, aka ɗiga ruwan ƙaro domin ta zauna. Aka jiƙa takardun buhun siminti da kokon rogo aka gina tudu, aka yayyafa jar ƙasa da rairayi tun da danshi. Aka rina garin katako aka yi ciyawa. Aka yi rumbuna da yumɓu, aka saƙa 'yan zanaye da tsinken ciyawa, aka ɗinka ƙananan buhuna aka jera dalar gyaɗa a gefen tasha. Wannan dala ta buɗe darasin tarihi: yadda isowar jirgi Kano ta sa noman gyaɗa ya bunƙasa tun daga 1912, da yadda attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka yi fice a cinikinta. A darasin Hausa kuma ya gaya musu cewa Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi waƙa a kan aikin shimfiɗa layin dogo, wadda aka sani da Waƙar Diga, ya kuma bayyana musu abin da kalmomin diga da tarago da reluwe suke nufi.

Itatuwa ne suka jawo muhawara mafi daɗi. An murɗa waya an yi kututture da rassa, an shafe da takarda, sai malamin ya tambaya, “Wane lokaci ne na shekara a wannan tasha tamu?” Suka ce tun da ga dalar gyaɗa, ai kaka ta wuce, rani ya shigo. Ya ce to, wace bishiya za a sa wa ganye? Nan fa 'ya'yan manoma suka karɓe darasin. Kuka dai a bar ta tsirara da 'ya'yanta suna reto. Tsamiya a bar mata ganyenta. Gawo kuwa a cika shi da kore, domin shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya tofo. Ciyawar da aka rina kore shar aka sake ta zuwa ruwan ƙasa. Yaran da ba su cika buɗe baki a aji ba, a ranar su ne suka fi kowa magana, domin an zo fagen da suka fi littafi sani.

Wasu yara suka nace sai an sa duwatsu irin na garinsu a bayan tashar, har da zanen shanu kamar na Dutsen Habude, wanda masu binciken kayan tarihi suka bayyana wa duniya a shekarun 1950. Malamin ya tuna musu cewa layin Nguru ƙasar rairayi ya ratsa. Daga bisani aka sasanta: aka gina dutsen a kan wani katako dabam, aka ajiye shi a gefe, aka ce yana jiran ranar da jirgi zai zo.

Abin da Aikin Ya Ci

Ba a yi wannan aiki a ruwan sanyi ba. Kuɗin katako da dalma da fenti duk daga albashinsa suka fito, albashin da dama ba ya kaiwa ƙarshen wata. Wasu abokan aikinsa sun riƙa yi masa shaguɓe, wai babba da wasan yara. Wani mahaifi ya zo ya ce shi karatu ya turo ɗansa ba kwaɓa laka ba. Malamin ya ba shi wurin zama, ya kira yaron ya ce ya auna ɗakin tasha ya faɗi tsayinsa na gaskiya. Yaron ya auna santimita 8, ya ce mita 4 ke nan. Uban ya yi shiru, da zai tafi ya ce, “Allah ya taimaka, Malam.”

A daminar shekara ta biyu, lokacin dogon hutu, rufin ajin ya yi yoyo, gara kuma ta bi ƙafar tebur ta cinye kusan rabin karan da ke ƙarƙashin layin. Aikin wata huɗu ya lalace a mako shida. Ya sake shimfiɗawa, a wannan karon ya tsoma kowane kara a baƙin mai, ya kuma tsayar da ƙafafun teburin a cikin gwangwanaye. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Zuwa yanzu an gama layi da tasha da taragu biyar. Kan jirgin ya tsaya da ƙafafunsa, saura fenti da 'yar na'urar da ya ciro daga tsohuwar rediyo mai kaset, wadda yake fatan za ta ja shi da batir. Akwai kuma sabon lissafi a gabansa. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kuma a cikin tsarin akwai reshe zuwa Dutse. Wannan layi mai faɗi ne, milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. A ma'aunin ajin zai zama kusan milimita 29, ke nan taragun da ake da su ba za su hau shi ba. Ya bar wa 'yan aji shida wannan a matsayin aikin gida: su gano dalilin da zai hana jirgin tsohon layi bin sabo.

Darasi ga Mai Shirin Zama Malami

Ɗalibin da yake shirin fita gwajin koyarwa yakan ji ana nanata masa muhimmancin kayan koyarwa, sau da yawa kuma abin yakan ƙare a kwali ɗaya da aka zana cikin dare domin mai duba aiki ya gani. Aikin wannan malami yana nuna wata hanya dabam. Da farko, ya faro ne daga tambayar da yaro ya yi, ya nemi abin da zai amsa ta. Na biyu, abu guda ya ɗauki darussa da yawa: lissafi a wajen awo, kimiyya a wajen liƙi, tarihi a wajen dalar gyaɗa, Hausa a wajen sunaye da waƙa. Na uku, ya ɗauki masu sana'ar garinsa a matsayin malamai, bai ji kunyar zama a gabansu ba. Na huɗu, ya raba aikin ta yadda mai haɗari ya tsaya a hannunsa, mai sauƙi ya shiga hannun yara.

Ba kowane malami ne zai gina layin dogo ba, kuma ba a bukatar haka. Wani abin da yaransa ba su taɓa gani ba shi ne madatsar ruwa, wani tashar jirgin ruwa, wani kuwa ganuwar birni da ƙofofinta. Kara da yumɓu da gwangwani suna nan a kowane gari, haka ma maƙeri da magini da masassaƙi. Abin da ya rage shi ne malami ya saurari tambayoyin yaransa da kyau, ya auna abin da zai yi kafin ya yanka, ya kuma yi haƙurin sake ginawa idan gara ta ci.